Parakou da Djougou: yadda buƙatun gari ke kaiwa gaban majalisar dokoki ta Porto-Novo

Parakou da Djougou su ne ƙananan hukumomi biyu mafi yawan jama'a a arewacin Jamhuriyar Benin. Ƙidayar 2013 ta ba Djougou mutum kimanin 268,000, Parakou kuma kimanin 255,000. Parakou ce hedikwatar lardin Borgou, tana da gundumomi uku, waɗanda ake kira arrondissement da Faransanci. Kpébié, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanninta, tana cikin gunduma ta farko. Djougou ce hedikwatar lardin Donga, gundumominta goma sha biyu, uku a cikin gari, sauran a karkara.

Garuruwan biyu ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke ratsa ƙasar Borgu, su yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, wadda fatake ke kira Zugu. Daga wannan zirga-zirga unguwar Wangara ta Djougou ta bunƙasa, daga baya kuma unguwannin Zongo suka kafu. Har yau Hausawa na cikin harkar fawa da dillancin dabbobi da sufuri da cinikin hatsi a wuraren nan, ko da yake Dendi da Baatonu sun fi yawa a bakin jama'ar Parakou. Kusan duk abin da ya shafi waɗannan sana'o'i, daga kuɗin rumfa zuwa takardar fili, yana da tushe a wata doka da aka zartar a Porto-Novo, can kudu, fiye da kilomita 400 daga Parakou.

Gari ba ya yin doka

Mai karatu da ya saba da tsarin Najeriya sai ya ajiye shi gefe tukuna. A Najeriya akwai majalisar dokokin jiha tsakanin ƙaramar hukuma da tarayya, kuma ita ke tsara yadda ƙananan hukumomi za su gudana. Benin ba ta da jihohi masu majalisa. Larduna goma sha biyu da take da su rassan gwamnatin tsakiya ne, kowanne da prefe wanda majalisar ministoci ke naɗawa. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan hukumomi 77, su ne kaɗai matakin da jama'a ke zaɓar masu gudanar da shi. Majalisar dokoki guda ɗaya ce ta daɗe tana yi wa ƙasar doka, tana zama a Porto-Novo, yayin da fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu suke Kwatano.

Kundin tsarin mulki na 11 ga Disamba 1990 ya ce ƙananan hukumomi za su gudanar da kansu ta hannun majalisun da aka zaɓa. Amma shi ne kuma, a sashe na 98, ya bar wa majalisar ƙasa ikon fayyace iyakar wannan 'yanci: wane aiki ne na gari, da wane kuɗi zai yi shi. Majalisar gari tana iya yanke shawara, magajin gari yana iya sa hannu a kan umarni, sai dai duk a cikin da'irar da doka ta zana, kuma prefe na duba su kafin wasunsu su fara aiki, musamman kasafin kuɗi.

An daɗe kafin alƙawarin 1990 ya zama aiki. Dokokin raba iko sun fito ranar 15 ga Janairu 1999, zaɓen farko na ƙananan hukumomi kuma sai a Disamba 2002, majalisun suka kama aiki a 2003. Ɗaya daga cikin dokokin ta ba Kwatano da Porto-Novo da Parakou matsayi na musamman, mai ƙarin nauyi a kan ilimi da wasu ayyukan birni. An sake zaɓe a 2008 da 2015 da 2020, sannan a Janairun 2026.

Dokar 2021 da ta sauya ofishin magajin gari

Babu dokar da ta taɓa rayuwar meri, wato ofishin magajin gari, kamar doka mai lamba 2021-14 ta 20 ga Disamba 2021, wadda ta tattara dokokin mulkin yankuna wuri guda. Kafin ta, magajin gari shi ne komai: shugaban siyasa, shugaban ma'aikata, kuma mai ba da umarnin kashe kuɗi. Sabuwar dokar ta raba aikin biyu. Magajin gari ya riƙe jagorancin siyasa, yana shugabantar majalisar gari da wani ƙaramin kwamitin sa ido. Gudanar da ma'aikata da kasafin kuɗi kuwa ya koma hannun sakataren zartarwa, secrétaire exécutif, ƙwararren ma'aikaci da ba zaɓaɓɓe ba. A 2022 magadan gari suka ciro sunayen sakatarorinsu ta hanyar ƙuri'a daga jerin da gwamnati ta tantance.

Gwamnatin Patrice Talon ta kare matakin da cewa siyasa ta yi wa ofisoshin meri katutu, ana ɗaukar ma'aikata don biyan bashin zaɓe, kwangiloli na lalacewa. Masu suka suka ce an cire wa zaɓaɓɓe haƙora, an miƙa su ga wanda jama'a ba za su iya saukewa da ƙuri'a ba. Kowane ɓangare na da abin nunawa. Abin da ya shafi mai rumfa a kasuwar Arzèkè shi ne ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. In maganar me za a sa a gaba ce, a tsarin raya gari na shekara biyar, to wurin kansila da magajin gari ne. In maganar biyan kwangila ce ko aiwatar da abin da aka riga aka amince da shi, tana ofishin sakatare. Mutane da yawa har yanzu suna kai kukansu ga magajin gari a kan abin da ya bar hannunsa tun 2022.

Gyaran ya kuma kasa ƙananan hukumomi kashi uku. Abomey-Calavi ta shiga sahun masu matsayi na musamman, suka zama huɗu har da Parakou. Djougou na cikin masu matsakaicin matsayi, su 19. Sauran 54 na ƙarƙashin tsarin gama-gari.

Su wane ne 'yan majalisar, kuma me suke iyawa

Tun zaɓen Janairun 2023 majalisar dokoki na da kujeru 109, a mazaɓu 24. Kujera ɗaya a kowace mazaɓa ta mata ce kawai. Parakou na mazaɓa ta 8, tare da Tchaourou da N'Dali da Pèrèrè. Djougou ita kaɗai ce mazaɓa ta 13. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne: depiten Djougou gari ɗaya yake amsa wa, na mazaɓa ta 8 kuwa dole ya raba kunnensa tsakanin birni da ƙananan hukumomin karkara uku da buƙatunsu suka sha bamban.

Ana zaɓen jerin sunayen jam'iyya ne, ba mutum ɗaya ba. Kuma sashe na 80 na kundin tsarin mulki ya ɗauki kowane ɗan majalisa a matsayin wakilin ƙasa baki ɗaya, ya soke duk wani umarni da za a ɗaure shi da shi. A bisa doka ke nan majalisar garin Parakou ba ta da ikon tilasta wa depiten mazaɓa ta 8 ya kaɗa ƙuri'a yadda take so. Roƙo take yi, ko ta shawo kansa ta hanyar jam'iyya.

Akwai wani shinge da ya fi wannan tsauri, kuma shi ne ya kamata a tuna duk lokacin da ɗan takara ya tsaya a Zongo ya yi alƙawarin titi ko asibiti. Sashe na 107 ya hana karɓar ƙudurin ɗan majalisa ko gyaran da ya kawo in zai rage kuɗin shiga na ƙasa ko ya ƙara mata kashewa, sai in ya nuna inda za a samo madadinsa. Gwamnati ce ke rubuta kasafin kuɗi. Ɗan majalisa na iya matsa wa minista lamba a zaman kwamiti, yana iya aika tambaya a rubuce ko ya yi ta da baki a zauren majalisa, majalisa na iya kafa kwamitin bincike. Waɗannan makamai ne na gaske, amma ba su ne ke zuba kwalta ba.

Hanyar da ta fi aiki a zahiri ita ce ta mutane. Rachidi Gbadamassi, magajin garin Parakou na farko da aka zaɓa a 2003, ya koma ɗan majalisa na mazaɓa ta 8 tsawon shekaru. Samou Séidou Adambi ma ya riƙe garin kafin ya je majalisa, daga baya ya zama ministan ruwa da ma'adinai. A Djougou, Malick Gomina ya bar kujerar magajin gari bayan an zaɓe shi ɗan majalisa a 2023, domin doka ba ta yarda a haɗa muƙaman biyu ba. Tsohon magajin gari a zauren Porto-Novo ya san inda takalmi ke matsa wa meri. Ko zai faɗa, wannan kuma ya danganta da jam'iyyarsa.

Jam'iyyu kuwa sun ƙara ƙarfi sosai. Tun 2020 sai jam'iyyar da ta samu kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke samun kujerar kansila, ko da ta lashe garinta. A zaɓen 17 ga Mayu 2020 jam'iyyu uku kaɗai suka tsallake, UP da BR da FCBE, suka raba kujeru 1,815. Wata doka ta watan Yunin shekarar ta ba jam'iyyar da ke da rinjaye ikon nuna magajin gari da kanta. A Parakou, Aboubacar Yaya na FCBE ya hau kujerar, amma hukuncin Kotun Ƙoli kan wasu kujerun kansiloli ya sauya lissafi, Inoussa Chabi Zimé na UP ya maye gurbinsa a cikin shekarar. Gyaran dokar zaɓe na Maris 2024 ya ɗaga shingen shiga majalisar dokoki zuwa kashi 20 cikin ɗari a kowace mazaɓa, tare da sassauci ga jam'iyyun da suka ƙulla yarjejeniya kafin zaɓe. Sakamakon ya bayyana a zaɓen 11 ga Janairu 2026: UP-R ta samu kujeru 60, BR 49, jam'iyyar adawa ta Les Démocrates, wadda ke da 28 a majalisar da ta gabata kuma take da magoya baya masu yawa a Borgou, ta tashi babu ko ɗaya. Gyaran kundin tsarin mulki na Nuwamba 2025 ya tsawaita wa'adin 'yan majalisa da kansiloli zuwa shekara bakwai, ya kuma tanadi majalisar dattawa.

Kuɗi, wanda shi ne kan gaba

In aka tambayi kowane magajin gari a Benin abin da ya fi so daga Porto-Novo, amsar ba ta wuce kuɗi. Gari na da hanyoyin samu biyu. Akwai harajin cikin gida: na fili da gini, na sana'a, kuɗin rumfa da tasha, da gudummawar raya gari da ake karɓa a kan amfanin gona da dabbobi. Akwai kuma abin da gwamnati ke turowa, wanda aka daɗe ana bi da shi ta asusun FADeC da aka kafa a 2008, hukumar CONAFIL na raba shi. Wani kaso na asusun gari na da 'yancin kashe shi yadda ya tsara, wani kuma ma'aikatu ne ke ɗaure shi ga aji ko ɗakin shan magani.

Ko harajin da ake kira na gari, ba gari ke ƙirƙiro shi ba. Kundin haraji na ƙasa, wanda aka sabunta a Disamba 2021, da dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara su ne ke faɗin abin da za a karɓa da iyakarsa. Majalisar gari na zaɓar adadi ne a tsakanin ƙasa da sama da aka ba ta. Saboda haka dillalin shanu da ya ga an ƙara kuɗin kai a kasuwar Tourou ko ta Kolokondé, mai yiwuwa rabin dalilin na meri, rabin na Porto-Novo.

Parakou na da tarihi a wannan fage. A nan aka fara gwada rajistar filayen birni, registre foncier urbain, tun wajen 1990, don a san wane ne mai wane fili kuma a iya karɓar haraji a kansa, daga baya wasu garuruwa suka kwaikwaya. Sai dai garin ya faɗaɗa fiye da yadda rajistar ke iya bi.

Magadan gari ba sa zuwa majalisa ɗaya bayan ɗaya. Suna magana ta bakin ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ƙasa, ANCB, wadda aka kafa a 2003, kuma akwai ƙungiyoyin yanki, ADECOB a Borgou da ACAD a Atacora da Donga. Lokacin da kwamitin kasafin kuɗi na majalisa ke sauraron ƙungiyoyi kafin muhawara, ANCB kan gabatar da buƙatunta, kuma sun daɗe suna maimaita kansu: a ƙara kason da ake turowa, a sake shi da wuri kafin damina ta tsayar da aiki.

Akwai kuma ƙorafin da ba a cika yi da ƙarfi ba. A shekarun nan manyan ayyukan birni sun koma hannun hukumomin gwamnatin tsakiya. Shimfiɗa titunan cikin gari a shirin Asphaltage, gina sababbin kasuwanni, kwashe shara, duk hukumomin ƙasa ke riƙe da su. Mazaunin Parakou ya ga titi, wannan ba abin musu ba ne. Amma kasuwa ita ce saniyar tatsar meri, kuma duk lokacin da gudanar da ita ya bar hannun gari, tambayar yadda za a raba kuɗinta kan taso.

Fili, kiwo, takardu da sarauta

Dokar filaye mai lamba 2013-01 ta 14 ga Agusta 2013, da gyaranta na 2017, ta kafa hukumar ANDF, ta kuma tanadi kwamitin kula da filaye a kowace ƙaramar hukuma. Magajin gari na sa hannu a takardar shaidar riƙon gado, amma cikakkiyar takardar mallaka daga hukumar ƙasa take fitowa. Abu mafi muhimmanci ga iyalan da suka rabu tsakanin Benin da Nijar da Najeriya shi ne cewa wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya sayen filin karkara, haya kawai zai iya. A cikin birni an ba shi dama bisa sharaɗin ƙasarsa na yi wa 'yan Benin haka. Bahaushen da aka haifa a Djougou, kakansa ma a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne, amma sai ya iya nunawa a takarda.

Shi ya sa dokar tantance mutane ta 2017, wadda ta kai ga rajistar RAVIP da hukumar ANIP da lambar shaida ta kowane mutum, ta shafi Zongo fiye da unguwanni da yawa. Gidan da ba a yi wa yaro takardar haihuwa ba, daga baya sai ya ga ƙofar jarrabawa da ta zaɓe da ta sayen fili sun rufe masa tare. Dokar zama ɗan ƙasa ta Disamba 2022 ta sauƙaƙa abu ɗaya: uwa 'yar Benin na ba ɗanta ƙasa daidai da yadda uba ke bayarwa, ko da mijinta baƙo ne.

Dokar kiwo ta Afrilu 2019 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyi a kan burtali da mashaya da sasanta manoma da makiyaya. A ƙarshen shekarar gwamnati ta hana shigowar garken ƙetare, matakin da ya taɓa kasuwannin dabbobi da mahautan da ke dogara da su.

Ta baya-bayan nan ita ce dokar sarautun gargajiya da majalisa ta amince da ita a Maris 2025, wadda ta lissafa masarautu 16 da manyan sarautu 80 da sarautun al'ada 10. Nikki da Kilir ta Djougou na cikin masarautun. Ma'aunin da aka bi shi ne mulkin ƙasa kafin zuwan Faransawa. Sarautar Sarkin Zongo kuwa ta shugabancin jama'a ce, baƙi da jikokin baƙi, ba ta da ƙasa a ƙarƙashinta, don haka ma'aunin bai dace da ita ba, duk da cewa a wurinsa ake fara kai rigimar aure da ta bashi da ta baƙon da ya rasa masauki.

Yana da kyau a bambanta doka da umarnin gwamnati, wato décret, domin ba wuri ɗaya ake kai kukansu ba. Hana fitar da ɗanyen cashew da waken soya daga Afrilu 2024, don ciyar da masana'antun Glo-Djigbé, majalisar ministoci ce ta yanke. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Abuja ce ta yi. Tsayuwar zirga-zirga a gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 rikici ne tsakanin gwamnatoci. Duk sun daki Parakou, inda layin dogo mai kilomita 438 daga Kwatano ya ƙare kuma manyan motoci ke ɗaukar kaya zuwa arewa, amma babu abin da meri ke iya yi a kansu, depite kuma iyakarsa ya tambayi minista.

Lokacin da magana ke da amfani

Majalisar dokoki na zama biyu a shekara. Na farko na buɗewa a makonni biyun farko na Afrilu, na biyu a rabin ƙarshe na Oktoba, kowanne ba ya wuce wata uku. Zaman Oktoba shi ne na kasafin kuɗi. Amma kafin nan, zuwa ƙarshen Yuni, gwamnati kan gabatar da manyan layukan kasafin don muhawara, kamar yadda dokar kuɗi ta 2013 ta tanada. Buƙatar da ba ta kai ga ma'aikata ko depite ba kafin wannan lokaci, da wuya ta shiga lissafin shekara mai zuwa. Kwamitocin dindindin biyar ne, kuma biyu sun fi shafar gari: na dokoki da mulki, da na kuɗi.

A matakin gari, majalisa na yin zaman yau da kullum sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe take ga jama'a, kuma magadan gari kan kira taron bayyana yadda aka kashe kuɗi. Da Faransanci ake rubuta komai, wannan kuwa na hana dattawan kasuwa da yawa bin diddigi sai da tafinta. Matakin farko shi ne delege na unguwa, daga shi sai shugaban gunduma, wanda kansila ne kuma yana zama a majalisar gari. Ƙungiyar mahauta ko ta direbobi da ta rubuta buƙatarta, ta miƙa kwafi ga shugaban gunduma da kuma ofishin depite, ta fi samun amsa a kan wadda ta jira ɗan takara ya zo gaisuwar Sallah. Sashe na 122 na kundin tsarin mulki ya kuma ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙarar doka kai tsaye gaban Kotun Tsarin Mulki in yana ganin ta saɓa wa kundin.

Maƙwabta sun bi wasu hanyoyin. A Nijar hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi. A Najeriya Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. A Benin kansilolin da aka zaɓa a Janairun 2026 za su riƙe kujerunsu har 2033, haka ma 'yan majalisar mazaɓa ta 8 da ta 13.